Shekarar da Baba Ya Yi Binne

Can shekarun baya, ba a daɗe da fara shari'a a jiharmu ba, na gama kwalejin horon malamai na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Daura da Mai'adua. Na dawo da takardar koyar da Turanci a jaka, da girman kai fal ƙirji. A tunanina ko kayana ba zan gama kwancewa ba za a aiko nemana. Na kai takardu makarantun cikin Daura, na je har Katsina, ko'ina sai a ce in saurara. Na saurara har kunnena ya gaji. Mutanen gari suka laƙa mini suna Bature, da farko don sha'awa, daga baya kuma don tsokana, domin Baturen da kullum ake gani a gindin dalbejiya yana maimaita tsohuwar jarida ba shi da wani kwarjini.

Ina da wani aboki tun na firamare, mai gidan kallon bidiyo a Mai'adua. Da shari'a ta zo aka fara yi wa irin waɗannan wurare kallon hadarin kaji, sai ya sayar da talabijin ɗinsa ya koma fataucin kayan roba, yana tsallakawa ta Kongolam zuwa Damagaram a Nijar. Shi ya same ni wata rana a gindin bishiyar nan, ya fizge jaridar daga hannuna.

Ya ce, "Kai Bature, kana nan kana kashe wando, can ana neman irinka ruwa a jallo. Makarantun kuɗi sun cika Damagaram, kowa so yake ɗansa ya ji Ingilishi ban da Faransanci. Wani da na ji yana koya musu, wallahi ko ni na fi shi."

Na yi dariya, amma maganar ta shige ni. Ni da nake mafarkin ƙasar waje a cikin jirgin sama, ga ƙasar waje ta zo mini a bayan a-kori-kura, kusa da buhunan bokiti. Duk da haka ƙasar waje ce, kuma aiki ne. Lokacin an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa. Na ce masa, "Bari a kai amfani gida, sai mu tafi tare." Ya ce haka ya kamata.

Wanda bai tashi a irin garinmu ba zai yi mamakin yadda mu biyu muka yarda da wannan ba tare da ko gardama ba. A wurinmu ba a fita nema sai an gama kaka. Ana ɗaure dami na ƙarshe a jefa a rumbu, sai ka ga samari sun ɗaura jaka sun nufi Kano ko kudu cin rani, kuma da hadari ya fara haɗuwa kowa ya dawo. Namijin da ya bar gari da damina, ko dai ba shi da gona, ko ba shi da kunya. Da wannan kalandar aka haife ni. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa makaranta tana da tata kalandar daban, ni da na yi shekaru ina zama a aji.

Da aka gama kaka na goge rigata da dutsen guga na gawayi, na sa takarduna a leda, na bi abokina. Na zaga makarantun Damagaram har takalmina ya canza launi. Duk inda na shiga sai in ji muryar wani malami yana tashi daga aji yana koyar da abin da na zo koyarwa. Wasu su karɓe ni da fara'a, wasu ko zama ba sa cewa in yi, amma amsar ɗaya ce, wuri ya cika.

Ta ƙarshe da na shiga makarantar wata Hajiya ce, dattijuwa, tsohuwar malama da ta yi ritaya ta buɗe tata. Ta sa aka ba ni ruwa, ta miƙo mini wani littafi ta ce in karanta mata. Na karanta da duk iyayin da Allah ya hore mini. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Bakinka ya yi, ɗana. Amma yanzu ka taso? An buɗe lakwal tun Oktoba." Lakwal suke ce wa makarantar boko a can.

Na ce mata sai da muka gama girbi.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai cin rani ka zo ke nan! Ai lakwal ba ta san girbi ba. Ni ba na ɗaukar malami a kan takarda. Kafin mu rufe dogon hutu nake tsayar da shi a gaban yara in gani da idona. In ya yi, ya zauna ya yi mini darasin hutu, kafin a buɗe ya san yara, yara sun san shi. Duk masu makarantun nan haka muke yi. Malamina na Ingilishi zai koma garinsu ƙarshen shekarar nan. In kana so, ka zo ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka. Da sanyin safiya ake kama fara."

Na ce, "Hajiya, damina gaba ɗaya ke nan."

Ta ce, "Gaba ɗaya. Kuma ba zan ajiye maka wuri ba, wanda ya riga zuwa shi zan gwada."

Na dawo gida jiki a sanyaye, domin na san abin da damina gaba ɗaya take nufi a gidanmu. 'Yan'uwana duk mata ne, kowacce tana ɗakin mijinta. Ni kaɗai ne namiji. Mahaifina kuma ya manyanta, ga ciwon gwiwa da ya sa ko sallah a zaune yake yi wani lokaci. Noma ba shi ne abin tsoro ba, don noma ana iya kiran gayya, a dama fura, matasa su taru su share maka gona. Shuka ce matsalar. Ranar da ruwan shuka ya sauka kowa tasa yake yi, ko ɗan'uwanka na jini ba zai bar gonarsa ya zo taka ba, don laima ba ta jiran kowa. Ni nake riƙe sungumi ina saran rami, Baba yana bina a hankali yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. In babu ni, babu mai sara. In babu shuka kuwa, babu abin da za a ci a shekara.

Mahaifiyata kaɗai na gaya wa yadda muka yi da Hajiya. Na ce mata na haƙura, kuma kada ta gaya wa Baba. Ta ce to. Na manta cewa "to" ɗin Inna iri-iri ne.

Akwai wata hanya da wasu manoma suke bi, ita ake kira binne. Mutum ya shuka irinsa a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya bar shi yana jira. In an yi sa'a ruwan farko ya zo da ƙarfi, geronka zai riga na kowa fitowa, kai za ka fara cin tumu a gari. In kuwa yayyafi ne ya zo ya tsaya, irin ya tsiro rana ta ƙone shi, ka yi asarar iri da wahala. Duk garinmu an san Baba a kan ƙin binne. Muna da wani maƙwabci da yake yi kowace shekara, kuma kowace shekara sai Baba ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Mai binne ɗan caca ne, shari'a ce kawai ba ta gano ku ba." Tun ina ƙarami nake jin yana cewa ƙasa ba ta ce ka zo ba, me ya kai ka.

Bazara ta yi nisa, zafi kamar a gasa mutum, hadari yana leƙowa ta gabas yana komawa. Ni kuwa ina gindin dalbejiya ina ta ƙoƙarin kada in tuna da Damagaram. Wata safiya bayan mun dawo daga masallaci, sai Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ɗauko sungumi. Ka ce wa innarka ta fito da iri. Binne za mu yi."

Na tsaya ina kallonsa. "Baba, binne?"

"Turanci ya toshe maka kunne ne?"

"Ai kai ka ce caca ce."

"Na ce. Yanzu kuma ga abin da na ce. Bakin nawa ne ko naka?"

Ban taɓa shan wahalar shuka irin ta wannan karon ba. Sungumi ya sari ƙasa ƙura ta tashi ta cika maka hanci, ramin kuma ya rufe kansa kafin a jefa iri. Ina gaba ina sara, Baba yana baya yana jan ƙafa da ƙwaryar iri a hannu. Maƙwabcin nan namu kuwa ya samu abin da ya daɗe yana nema. Ya zo har bakin gona ya dafa sanda ya ce, "Ikon Allah! Malam, yau kai ne a teburin caca?" Baba ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Na ga ka daɗe kana ci kai kaɗai ne."

Duk wannan ban gane komai ba. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi, har ina gunaguni a raina. Sai ranar da muka rufe rami na ƙarshe muka zauna a gindin gawo, ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya sha ruwa, sannan ya ce, "To, shuka ta sauka daga wuyanka. Noma kuwa gayya zan kira. Me ya rage maka a garin nan?"

Na dube shi, ban gane inda ya dosa ba.

Ya ce, "Innarka ta ce wata mata tana jiranka a Damagaram. Ban tambaya ba ko aure ne ko aiki. Ko ma wanne ne, ka tashi gobe. Kada ka sake zuwa bayan an ci kasuwa an watse."

Sai a lokacin na gane dalilin binnen. Abin da na iya kawai shi ne na durƙusa na ce Allah ya ƙara girma. Ya ce in tashi in ɗauki sungumi, kada in bar masa shi a gona.

Na isa makarantar Hajiya ana shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Ta tsayar da ni a gaban aji, ta ja kujera ta zauna a baya. Gumi ya jiƙa mini riga tun kafin in rubuta kwanan wata. Yaran suka yi mini tambaya da Faransanci, na tsaya ina zare ido, aji ya fashe da dariya. Da na ga iyayi ba zai fishe ni ba, sai na sauko na yi musu Hausa, na ce kowa ya faɗa mini abin da ya gani a hanyarsa ta zuwa makaranta, mu mayar da shi Ingilishi tare. Kafin a tashi, yaron da ya fi kowa dariya yana ta maimaita yadda ake cewa jaki ya ƙi tafiya. Hajiya ba ta yabe ni ba. Ta dai ce, "Gobe ka zo da wuri." Bayan 'yan kwanaki wani saurayi ya iso daga Kano da takardun da suka fi nawa, ina ji daga aji tana ba shi haƙuri cewa ta riga ta samu malami. Na tuna kaina a bara, na tausaya masa ƙwarai.

Ruwa ya sauka, aka shiga darasin hutu. Lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyenmu ba, abokina ne wayata. Duk zuwan da zai yi da kaya sai ya biyo ta ɗakina, tambayata ta farko kuma ita ce gona. Ya ce, "Baba ya ce a gaya maka gero ya fito, ka kwantar da hankalinka." Wani zuwan ya ce an yi gayya an gama noman farko. Na lura ba ya son daɗewa a kan maganar, da ya faɗa sai ya koma labarin kwastan da tsadar mai, amma na ɗauka gajiyar hanya ce. Har cika baki nake yi wa malaman makarantar cewa bana gidanmu ne zai fara cin tumu a garinmu, don mun yi binne.

Da aka gama darasin hutu Hajiya ta ba ni 'yan kwanaki in je gida kafin a buɗe. Na sauka a bakin titi, maimakon in nufi gida sai na yanke ta gona, don in karyo tumu in shiga da shi. Gonakin mutane duk gero ya nuna, wasu har sun fara girbi. Da na iso tamu sai na tsaya. Geron kore ne shar, kai bai gama cika ba, ya fi na kowa ƙuruciya. Can ɓangaren yamma kuma babu komai sai ciyawa da 'yan tsirarun wake. Na san geron binne ba ya zama haka. Na juya na nufi gida.

Inna na samu a madafi. Ko gaisuwa ba mu gama ba na tambaye ta. Ta juya tana gyara itace a murhu, sannan ta gaya mini. Bayan tafiyata aka yi yayyafi, irin ya tsiro gwanin sha'awa, sai ruwa ya ɗauke, iska mai zafi ta biyo baya. Gonar ta ƙone ƙurmus. Da ruwan gaske ya sauka kowa ya ruga tasa gonar. Baba ya ɗauki sungumi da kansa, ita kuma ta ɗauki ƙwarya ta bi shi, ita da rabonta da gona tun ina goye. Ya sara kaɗan, ya dafa ƙotar ya huta, ya sake sarawa. Kafin su kai ɓangaren yamma laima ta tsere, dole suka haƙura da sauran.

Na ce, "Inna, me ya sa ba a aiko mini ba? Damagaram ce fa, ba Makka ba."

Ta ce, "Ya kira abokin nan naka ya ce in ya kuskura ya gaya maka, kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan. Ni ma ya ce in na sake yin irin 'to' ɗin da na yi maka, zan sani."

Na yi kuka a madafin nan kamar ba ni ne malamin da yara suke miƙewa in ya shigo ba.

Baba yana zaure a kan tabarma yana tufka igiya, gwiwar ta kumbura an ɗaure ta da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Damagaram.

Na ce, "Baba, da ka aiko da na dawo."

Ya ce, "Shi ya sa ban aiko ba."

"Amma binnen ya ƙone. Iri ya tafi, ga ƙafarka, ga rabin gona a banza."

Ya ci gaba da tufkarsa, sai can ya ce, "Iri biyu na binne bana. Na gona ya ƙone. Kai kuma, matar nan ta ɗauke ka ko ba ta ɗauke ka ba?"

Na ce, "Ta ɗauke ni."

Ya ce, "To ban yi asara ba." Ya ɗan leƙa ƙofar zaure, ya rage murya. "Amma kada ka kuskura maƙwabcin nan ya ji. Har gobe caca ce."

Shekarar nan rumbunmu bai cika ba, da albashina aka ƙarasa ta. Na yi shekaru masu yawa a makarantar Hajiya, a can na koyi Faransancin da yara suka yi mini dariya a kansa, a can na yi aure, daga can kuma wasu ƙofofin suka buɗe. Hajiya ta riƙe ni kamar ɗan cikinta, Allah ya saka mata. Abokina kuwa har yau in mun haɗu sai na ce masa maƙaryaci, shi kuma ya ce ƙarya ɗaya ke nan da yake sa ran lada a kanta. Baba bai sake yin binne ba har Allah ya karɓi abinsa, gwiwar kuma ba ta sake komawa daidai ba.

Abin da ya sa na tuna duk wannan, matasa da yawa suna tambayata, yaushe ya kamata mutum ya fara neman aikin koyar da Turanci a wata ƙasa. Amsata ba ta da tsawo. Kada ka auna da lokacin da kai ka samu sarari. Ka bincika yaushe makarantun ƙasar suke rufe shekara, ka isa gare su kafin su rufe, domin a lokacin suke sanin wanda zai tafi da wanda za su ɗauka. Ranar da aka buɗe makaranta an riga an gama rabo. Ni shekara guda na biya kafin in san wannan, kuma ba don an tura ni ba da na biya ta biyu.

Sai dai nakan ƙara musu da abu ɗaya, wanda ba sa tambaya. In ka samu ka tafi a kan lokaci, ka waiwaya ka duba wa ya karɓi sungumin da ka ajiye. Ni nawa wani tsoho ne mai ciwon gwiwa, da wata tsohuwa a bayansa riƙe da ƙwarya. Har yau in bazara ta yi nisa na ga hadari yana leƙowa yana komawa, su nake gani. Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Inna lafiya.